Tashar Jirgi Ce Ta Gina Dubai, Ba Rijiyar Mai Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'armu, wadda nake so mu auna ta a wannan fili. Duk sa'ad da aka ambaci birnin Dubai, ko a aji, ko a majalisar ƙofar gida, ko a rumfar kasuwa, ba a rasa wanda zai kaɗa kai ya ce, "Ai kuɗin man fetur ne, Allah ne ya ba su." Da an faɗi haka sai a rufe zancen, kowa ya kama gabansa, kamar babu sauran abin koyo. Lalle arziki na Allah ne, babu mai musun wannan. Amma ni a nawa ra'ayin, abin da ya ɗaga Dubai har ta zama zangon kayan duniya shi ne tashoshinta na jiragen ruwa, da kuma irin riƙon da masu mulkinta suka yi wa baƙon ɗan kasuwa da kayansa. Man fetur daga baya ya zo, kuma ba shi da yawa kamar yadda ake zato. In mun yarda cewa mai ne kaɗai, to, mun ba kanmu hujjar naɗe hannu, alhali kuwa labarin yana da darasin da ya shafe mu.

Bari mu fara da sanin wurin. Dubai tana bakin Tekun Fasha, ɗaya ce daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da aka kafa ran 2 ga Disamba 1971. Ƙasa ce ta rairayi da zafi, ba kogi, ruwan sama kuwa sai jefi-jefi. Manomi ba shi da abin yi a can sai ɗan dabino. Abu guda da Allah ya hore wa wurin shi ne wani reshen teku da ya kutso cikin tudu, ya yi tafiyar kilomita kamar 14. A cikin wannan reshen ruwa jiragen katako ke samun mafaka daga iska da igiyar ruwa. A shekarar 1833 wasu mutane kimanin 800 na ƙabilar Bani Yas suka taso daga Abu Dabi ƙarƙashin gidan Maktum, suka zauna a bakin wannan ruwa. Sana'arsu su da kuma nutso cikin teku don tsamo lu'ulu'u. Wannan gida na Maktum shi ke sarautar Dubai har yanzu.

Shawara ta farko da ta juya tarihin garin an yanke ta ne tun ba a san akwai mai a yankin ba. A ƙetaren tekun, a gefen ƙasar Farisa, watau Iran ta yau, akwai wani gari mai suna Linga, wanda a lokacin shi ne babbar kasuwar wannan yanki. Wajen 1901 da 1902 hukumar Farisa ta tsananta wa fataken Linga da haraji da dokokin kwastan. Sarkin Dubai na wannan zamani, Shaihu Maktum ɗan Hashar, sai ya yi akasin haka. Ya soke kuɗin fito a tasharsa, ya aika wa attajiran Linga cewa su zo, za a ba su filin gini, za a kuma tsare musu dukiyarsu. Suka kuwa zo da iyalansu da jarinsu da abokan cinikinsu. Ba a daɗe ba jiragen tururi na wani kamfanin Ingilishi da ke zirga-zirga tsakanin Indiya da Tekun Fasha suka fara yada zango a Dubai, domin inda fatake suke can kaya ke bi. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sarkin ya bar ɗan kuɗin fito da zai karɓa yau, ya samu kasuwa sukutum.

Amma duniya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Daga 1929 ciniki ya karye a duniya duka, sa'an nan Japanawa suka ƙware wajen kiwon dabbar ruwan da ke yin lu'ulu'u, suka cika kasuwa da shi da araha. Sana'ar nutso ta mutu, talauci ya shiga Dubai, mutane da yawa suka fita neman abinci a wasu ƙasashe. Daɗin daɗawa, rairayi ya riƙa cike bakin reshen tekun nan, har ya zamana jirgi mai ɗan girma ba ya iya shiga sai ya tsaya can nesa, a riƙa jidar kayansa da ƙananan kwale-kwale. Kowa ya san abin da wannan ke jawowa: ɓata lokaci, da jiƙewar kaya, da asara.

A nan ne za mu gamu da mutumin da ya fi kowa hannu a wannan labari, watau Shaihu Rashid ɗan Sa'id, wanda ya hau sarauta a 1958 ya kuma rasu a 1990. Ya ga cewa in ruwan nan ya cike, garin ya mutu. Ba shi da kuɗin yasar sa, saboda haka ya karɓi rance daga attajiran garin, ya kuma ciwo bashi daga Kuwait, ya ɗauko injiniyoyi daga Ingila. Daga 1959 aka shiga aikin yasa da gina gaɓa, cikin 'yan shekaru jirage suka koma shiga har cikin gari suna sauke kaya a bakin kasuwa. Maƙwabciyarta Sharja kuwa, wadda ita ma take da irin wannan reshen ruwa, rairayi ya cike nata, ciniki ya ƙaura Dubai. A lura fa, duk wannan ya faru ne kafin a ga ɗigon mai ko ɗaya a Dubai. Sai a 1966 aka gano mai a cikin teku, a wurin da suka sa wa suna Fatah, kuma sai a 1969 aka fara sayar da shi waje.

To, da kuɗin mai ya fara shigowa, me aka yi da shi? Wannan ita ce tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi. Shaihu Rashid ya san man nasa kaɗan ne, kuma wata rana zai ƙare. Saboda haka ya zuba kuɗin a abin da ya riga ya sani, watau tashar jirgi. An fara shirya masa tasha mai matsayar jirgi huɗu, ya ce ba ta isa ba, ya sa aka yi ta ƙari tun ana cikin aiki har suka wuce 10. Aka buɗe ta a 1972 da sunan Tashar Rashid, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 matsayan sun kai 35. Tun ba a gama wannan ba, a 1976 ya ba da umarnin a haƙa wata sabuwa a Jabal Ali, wani fili na rairayi kilomita 35 daga gari, inda babu gida babu kasuwa. Mutane da yawa, har da masana na waje, suka ɗauka ɓarnar kuɗi ce kawai. Aka haƙa ta cikin tudu, mai matsayar jirgi 67, wadda ba a taɓa haƙa tasha mai girmanta da hannun ɗan Adam ba. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta halarci buɗe ta a watan Fabrairu na 1979. A shekarun farko jiragen da ke zuwa ba su kai su cika ta ba, masu dariya suka yi ta yi. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Domin a fahimci abin da ya sa tashar ta cika daga baya, sai mun san wani canji da ya auku a safarar kaya ta duniya. A dā, buhu-buhu da akwati-akwati leburori ke lodin jirgi da sauke shi, har jirgi ya yi mako guda ko fiye a tasha. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, ya ɗora manyan sunduƙan ƙarfe 58 a kan jirgi daga Newark zuwa Houston. Wannan shi ne mafarin kwantena, wadda muke gani yau a bayan tirela. Girmanta ɗaya ne ko'ina a duniya, mai ƙafa 20 ko mai ƙafa 40, ana rufe ta a masana'anta, injin ƙugiya ya ɗauke ta daga mota zuwa jirgi, daga jirgi zuwa jirgin ƙasa, ba a buɗe ta sai ta isa. Kuɗin dako ya faɗi ƙwarai, jirage kuma suka yi ta ƙara girma, har yau akwai masu ɗaukar kwantena fiye da 20,000 a tafiya guda.

Irin wannan ƙaton jirgi ba ya iya shiga kowace tasha, kuma ba ya son yawan tsayawa, domin kowace rana da ya yi a tsaye asara ce ga mai shi. Abin da yake bukata shi ne wuri ɗaya mai zurfin ruwa, mai injina da sauri, inda zai juye kayan ƙasashe goma a lokaci guda ya wuce. Daga nan sai ƙananan jirage su kwasa su rarraba, wannan ya nufi Iraƙi, wancan Pakistan, wani Mombasa ko Jibuti. Iyayenmu 'yan kasuwa sun san wannan tsari sarai, domin haka babbar mota ke juye kaya a Kano, ƙananan motoci su kai Gumel da Ɗambatta da Maraɗi. Jabal Ali ta zama irin wannan babbar tasha ga Gabas ta Tsakiya da gabashin Afirka da wani sashe na nahiyar Indiya. A shekarar 2024 kaɗai, in an ƙirga da awon mai ƙafa 20, kwantena miliyan 15 da rabi suka bi ta cikinta. Babu wata tasha a Gabas ta Tsakiya da ta kai wannan a shekarar.

Sai dai rami da siminti kaɗai ba sa yin kasuwa. A 1985 aka keɓe fili a gefen tashar, aka mai da shi yankin ciniki na musamman. A dokar ƙasar ta wancan lokaci, baƙo ba ya mallakar kamfani shi kaɗai sai ya haɗa da ɗan ƙasa. A cikin wannan yanki aka ɗage masa wannan sharaɗi, aka ce kayan da ya shigo da su don ya sake fitarwa ba za a karɓi kwastan a kansu ba, ribarsa kuma yana iya aika ta gida gaba ɗaya. Aka tara masa ofisoshin da yake bukata wuri guda, don kada ya ƙare ranarsa yana yawon neman sa hannu. Kamfanoni 19 aka fara da su, amma zuwa 2024 sun wuce 10,000. Ku duba da kyau, wannan ita ce dai dabarar nan ta Shaihu Maktum da fataken Linga, aka sake ta bayan shekara 80 da 'yan kai.

A wannan shekara ta 1985 ɗin ce kuma aka kafa kamfanin jiragen sama na Emirates. Haɗuwar jirgin ruwa da jirgin sama a gari ɗaya ta haifar da wata hanya ta uku: a kawo kaya daga Sin ko Koriya ta ruwa, saboda araha, a ɗora su a jirgin sama daga Dubai zuwa Turai ko Afirka, saboda sauri. A 2010 aka buɗe sabon filin jirgin sama na Al Maktum kusa da Jabal Ali, aka fara da jigilar kaya. Wannan sauƙi ne ya sa hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci, suke da manyan ɗakunan ajiya a Dubai, daga can ake tura magani da tantuna zuwa inda bala'i ya auku. Shi ne kuma ya sa 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da sauran kasuwanni suka san hanyar unguwar Dera, inda suke saro yadi da turare da gwal da wayoyin hannu. Yawancin waɗannan kaya ba a Dubai aka ƙera su ba. Can aka tara su ne kurum, aka sauƙaƙa wa mai saye.

Har ta kai ga Dubai ta mai da gudanar da tasha sana'ar da take sayarwa wasu ƙasashe. A 2005 aka kafa kamfanin DP World, a 2006 ya sayi tsohon kamfanin Ingilishi na P&O a kan kuɗi kusan dala biliyan 7. Abin lura shi ne, kamfanin jiragen tururin nan da ya fara yada zango a Dubai a farkon ƙarni na 20 ya haɗe da P&O tun 1914. Watau ƙauyen masuntan da jiragen Ingila ke ɗan ratsewa su tsaya, shi ne ya wayi gari ya saye gidan. A Afirka kamfanin ya karɓi aikin gudanar da tashoshi a Dakar da Barbara da Maputo da Luwanda da Darussalam.

Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin ba a yanke shari'a da jin bakin mutum ɗaya. Na farko zai ce, ai wurin zama ne Allah ya ba su, suna tsakanin Asiya da Turai da Afirka. Gaskiya ne, wuri yana da amfani. Amma a buɗe taswira a duba birnin Adan na ƙasar Yaman. Adan tana daidai kan hanyar jiragen da ke bi ta mashigin Suwes, tana da tasha mai kyau wadda Allah ya halitta, kuma a shekarun 1950 tana cikin tashoshin da jirage suka fi tsayawa a duniya. Dubai kuwa tana can cikin lungu, sai jirgi ya ratse daga babbar hanya kafin ya kai gare ta. Duk da haka, da aka rufe mashigin Suwes daga 1967 zuwa 1975, ga kuma rikicin siyasa da yaƙe-yaƙe, jirage suka guje wa Adan, har yau ba ta koma yadda take ba. Ashe wuri mai kyau ba ya riƙe ɗan kasuwa in babu kwanciyar hankali.

Na biyu zai ce sa'a ce, domin wahalar maƙwabta ce ta zame musu alheri. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yaƙin basasar Labanan da ya tashi a 1975 ya kori bankuna da kamfanoni daga Bairut, yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 ya tsai da tashar Basra, har jiragen dakon mai da aka harba a wannan yaƙi a ma'aikatar gyaran jirage ta Dubai aka gyara da yawansu. Amma ina tambaya, garuruwa nawa ne a bakin wannan teku? Don me ciniki ya zaɓi Dubai? Domin ita ce ta riga ta haƙa tasha tana jira. Ruwan sama yana zuba a kan kowa, amma wanda ya kafa randa shi ke tara.

Na uku shi ne mai maganar man fetur. A nan lissafi ya isa amsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na man Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a masarautar Abu Dabi yake. Man da Dubai ke haƙowa ya kai ƙololuwarsa a 1991, ganga kamar 400,000 a rana, daga nan ya yi ta raguwa, har ya zamana a 'yan shekarun nan bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da masarautar ke samarwa ba. Nijeriya kuwa a 1974 ta haƙo fiye da ganga miliyan 2 a rana. Na yarda cewa mutanenmu sun ninka nasu yawa nesa ba kusa ba, kuma mulkin gari guda ya fi mulkin ƙasa mai faɗi sauƙi. Amma a tuna abin da ya faru a tashar Ikko, watau Legas, a daidai shekarun da ake shirin haƙa Jabal Ali. A 1974 da 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti tan miliyan 20, alhali tashar ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Sai bayan wannan ne aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Su sun gina tasha kafin kaya su zo, mu kuwa mun sayo kaya kafin mu gina tasha. Kuɗin mai ne a hannun kowa, shawara ce ta bambanta.

Ba ina nufin Dubai ba ta da aibi ba, kuma bai kamata mai rubutu ya ɓoye wa masu karatu ba. Kusan mutum tara cikin goma na mazauna birnin baƙi ne, kuma leburorin da suka haƙa tashoshin suka gina sito-siton, yawancinsu talakawa ne daga Indiya da Pakistan da Bangaladash. An sha kai ƙara game da riƙe musu fasfo, da jinkirin biyan albashi, da cunkoso a masaukinsu, da aiki cikin zafin da ba ya misaltuwa. Gwamnatin ƙasar ta yi dokoki a kan wasu daga cikin waɗannan, kamar hana aiki a fili da tsakar rana a watannin zafi, amma duk ginin da aka yi da gumin wani, haƙƙinsa yana nan sai an biya. Haka nan, kasuwar da ta buɗe ƙofa ga kowa, ɓarawo da ɗan fasa-ƙwauri ma suna shiga, kuma an daɗe ana zargin cewa gwal ɗin da ake fitarwa daga Afirka ta bayan fage yana ƙarewa a can.

Akwai kuma ranar da Dubai ɗin kanta ta kauce wa hanyarta. A shekarun 2000 kamfanonin gwamnatinta suka ci bashi mai yawa suna gina tsibirai da gidajen alfarma don sayarwa. Da ciniki ya karye a duniya, a watan Nuwamba na 2009 babban kamfanin Dubai World ya nemi a ɗaga masa lokacin biyan bashi, sai da Abu Dabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10 a watan Disamba. A nan kam kuɗin mai ya yi ceto, ba na musu. Amma a duba abin da ya jawo faɗuwar da abin da ya tsaya da ƙafarsa. Gine-ginen ƙawa ne suka kusa kayar da ita, tashar kuwa ta ci gaba da aikinta. Bayan haka, duk jirgin da zai shiga Jabal Ali dole ya bi ta ƙuƙumin mashigin Hormuz, saboda haka duk ranar da fitina ta tashi a wannan mashigi, abincin Dubai ne aka taɓa. Ga shi kuma 'yan kasuwarmu da yawa sun koyi wucewa kai tsaye zuwa biranen Sin. Mai zango ba ya barci, domin ranar da fatake suka sami wanda ya fi shi, ba sallama za su yi masa ba.

To, mu da muke nesa da teku kilomita wajen 1,000, ina ruwanmu da wannan labari? Ruwanmu kuwa har tsaki. Kakanninmu sun yi irin wannan sana'a tun kafin a san Dubai. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas, da fataken goro daga Gwanja, a Kano suke haɗuwa, a kasuwar Kurmi. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne fatoma, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa har a biya shi. Amana da sauƙi su ne jarinsa. Yau an buɗe tashar tudu a Kaduna a 2018, da ta Dala a Kano a 2023, domin kwantena ta taho daga bakin teku a yi mata kwastan a nan gida, har maƙwabtanmu na Nijar da Chadi su amfana. Niyya ce mai kyau. Amma labarin Dubai yana gaya mana cewa fili da katanga da bikin buɗewa su ne mafi sauƙi a cikin aikin. In jirgin ƙasa ba ya zuwa a kan lokaci, in direba zai tsaya a shinge bayan shinge yana miƙa na goro, in takarda ɗaya za ta kwana bakwai a kan tebur, to, ɗan kasuwa zai nemi wata hanya, kamar yadda fataken Linga suka yi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu daina kallon dogayen benayen Dubai a hoto muna hamma. Mu tambayi abin da ke ƙarƙashinsu. Mu riƙe darasin labarin ƙasa da lissafi da ilmin kasuwanci da muhimmanci, domin tasha tana bukatar injiniya da akawu da jami'in kwastan da matuƙin jirgi, kuma daga cikinmu za a ɗauke su. Wanda Allah ya kai shi irin wannan kujera gobe, ya tuna cewa duk kayan da ya tsare don a ba shi wani abu, ba mai kayan kaɗai ya cuta ba, garinsa ya kora wa kasuwa. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, in masu neman ƙuri'a sun zo, a tambaye su me za su gina da kuɗin da ke shigowa yau wanda zai ciyar da jikoki bayan rijiyar mai ta ƙafe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, gani ga wane kuma ya ishi wane koyi.

Allah ya ba shugabanninmu hangen nesa, ya ba mu ilmi mai amfani da riƙon amana.